Guzurin Inna da Injin Liƙe Leda

Shekarun baya, shekarar da Allah ya kira mahaifiyata aikin Hajji, na sayi wani inji da har yau yana nan a kicin ɗinmu. Jiya wani daga cikinku a wannan zauren namu na waya ya tambaye ni wane irin injin zuƙe iska ya kamata ya saya don adana abinci a gida. Na fara rubuta masa amsa, sai amsar ta ƙi tsayawa. To bari in ba ku labarin gaba ɗaya, wanda ya gaji ya sauka a hanya.

Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata, kuma duk wanda ya san tsofaffinmu na Maiyama ya san abin da wannan yake nufi. Ba ta kiran sunana. Ba ta zama inda na zauna, ba ta cin abinci ina kallo. In na je gaisuwa tana cikin ɗaki ina waje, labule a tsakaninmu, in ce, "Inna, ina kwana," ta ce, "Lahiya," shi ke nan an gama hira. Kakata ce ta raine ni. Duk abin da Inna take so in sani, ƙanwata take faɗa wa, ko da ina tsaye a wurin: "Ki ce ma wancan na Jega..." Ni ne wancan na Jega, don a unguwar Firchin ta Jega nake zaune da iyalina, ina zuwa aiki Aliero kullum. Alkunya ce, na sani, haka ta tarar iyayenta suna yi. Amma ba zan ɓoye muku ba, ina yaro abin ya sha yi mini ciwo.

To ita Inna tana da gyambon ciki, kuma ba ta cin abincin da ba ta sani ba. Ba iyayi ba ne, cikinta ne ba ya karɓa. Akwai lokacin da aka kwantar da ita asibiti a Birnin Kebbi, ta ƙi duk abin da aka kawo, ta rame har zoben hannunta yana zamewa, sai da ƙanwata ta riƙa damo mata kunu daga gida. Likita ya ja mana kunne cewa kada a bar ta da yunwa ko na wuni ɗaya. Yanzu ga ta za ta yi fiye da wata a ƙasar da ba a san kunun gero ba, cikin zafi da cunkoso. Tun ranar da aka ce sunanta ya fito, murna ta zo mini tare da fargaba. Tambaya ɗaya ce take yawo a kaina ina tuƙi, ina aiki, ina cin abinci: me Inna za ta ci?

Guzuri kowa yana yi, ba sabon abu ba ne. Amma na sha jin labarin yadda yake ƙarewa. Wannan man dambunta ya tsiyaye cikin tufafi, waccan furarta ta yi hunhuna tun ba a bar Madina ba, wata kuma garin kununta ya sha iska ya canza wari. Mai lafiya zai yi dariya ya sayi shinkafa a can. Inna ba za ta saya ba, kuma ba za ta ce wa kowa tana jin yunwa ba.

A waya na fara ganin injin. Wata mata tana sa nama a leda, ta danna, leda ta tsuke ta manne wa naman kamar fatarsa. Na kalli hoton har matata ta ce ko matar nake kallo. Washegari na tafi shagon abokina a kasuwar Jega, mai gyaran firij da fanka, wanda muka yi firamare tare, na nuna masa wani ɗan ƙarami mai araha da nake so in yi oda.

Ya karɓi wayar ya duba, ya miƙo mini. "Wanga abin wasan yara na. Ka liƙe leda kaɗan ya yi zahi ya mace maka. Kai da za ka yi guzurin wata guda? Araha ba ta ado, malam."

Muka zauna muka yi ta dube-dube, ni ina gaggawa shi yana ja mini birki. Ya ce a nemi mai nauyi, mai jikin ƙarfe, wanda bakinsa yake da faɗi kuma yake liƙe layi biyu, don in ɗaya ya saki ɗaya ya riƙe. Ya ce a tabbata ana samun wayar cikinsa da ke ɗaukar zafi in ta ƙone, kada a sayi abin da in ya lalace sai dai a yi kujera da shi. Ni kuma na dage a kan wanda ake iya tsayar da zuƙar iskarsa da hannu, kada ya murƙushe abin da ba ya son matsi. A nan kaɗai na fi shi gaskiya, kuma har yau ina tuna masa. Muka yi oda daga Kano, kuɗin ya ciji aljihu, na rufe ido na biya.

Jiran isowarsa ma wani aiki ne. Direban da aka ba wa saƙon ya ce gobe, gobe ta yi ya ce mota ta lalace a hanya. Na yi ta sintiri tashar Jega kamar kazar da za ta yi ƙwai, har masu lodi suka gane ni, in na doso su ce, "Mai inji, bai zo ba." Ranar da ya iso na rungumo kwalin da kaina, ban yarda kowa ya taɓa ba.

Sai gwaji. Abokina ya zo da sitabilaiza mai daidaita ƙarfin wuta, don ya ce wutarmu ba a ba ta amana. Ya kuma zo da shawarar da ta fi kowace shawara muni, wato mu fara da albasa. A cewarsa, in injin ya iya riƙe albasa, to mu da talauci mun yi hannun riga, tunda kowace shekara Aliero tana kallon albasarta tana ruɓewa. Na tsaya bakin hanya na sayo kwando, muka yanka muna hawaye, muka liƙe, muka jera a kan kanta muna yaba kanmu. Bayan 'yan kwanaki ledojin suka kumbura kamar cikin jaki. Da matata ta huda ɗaya, sai da muka bar mata kicin ɗin har la'asar. Ashe ɗanyar albasa tana fitar da iskarta ko an zuƙe ta waje, kuma rufe ta haka ma haɗari ne ga mai ci. A ranar na gane injin ba boka ba ne. Abin da yake da danshi, in ba sanyi za a sa shi ba, zai lalace ko a cikin me aka rufe shi.

Wannan ya sa na koma Maiyama na ce wa ƙanwata komai a busar da shi ƙarau. Inna da hannunta ta yi komai, tunda in ba ita ta yi ba ba za ta ci ba. Ta surfa gero ta yi garin kunu, ta yi fura aka shanya ta bushe aka daka, ta yi dambun nama aka soya shi har ya daina tsatsafo da ruwa. Muka tsaya a kan busassun kaya, muka bar duk abin da aka ce ba a shiga da shi. Ni aikina jigila: in taso daga Aliero, in wuce Jega ban tsaya ba, in kwaso kaya a Maiyama, in dawo gida in kunna inji. Motata ta san ramukan hanyar nan fiye da yadda na san 'ya'yana.

Ba ita kaɗai za ta tafi ba. Akwai gwaggona, ƙanwar mahaifina, mace mai baki da raha, wadda ita ba ta da alkunyar kowa. Da ta ji labarin inji sai ta aiko da nata kayan, yaji da ƙuli-ƙuli, ta ce a gaya wa Injiniya ya haɗa da nata. Tun daga nan sunan ya bi ni.

Yajin gwaggo ya kusa kashe mu. Na zuba shi a leda na danna, inji ya zuƙi iska ya zuƙo gari, ya feso shi ta baya. Ni atishawa, matata atishawa, har maƙwabta suna leƙowa ta katanga suna tambaya ko lafiya. Sai da abokina ya kwance injin ya share shi. Daga nan na koyi in fara ƙulla gari a 'yar farar leda, in ɗan huda ta, sannan in sa a ta injin. Dambu kuma ya koya mini naɗe bakin leda kafin in zuba, don in mai ya taɓa wurin liƙi ba ya kamawa. Na koyi barin injin ya huce tsakanin leda da leda, abin da ya fi komai yi mini wuya, don ni ba a haife ni da haƙurin jira ba. Ga ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, in fita in tada janareta ina masifa ni kaɗai.

Ƙuli-ƙulin gwaggo ne ya kai mu ga abin da ya faru. In na liƙe shi da yamma, da safe sai in tarar ledar ta saki, tsininsa ya huda ta. Hankalina ya tashi. Na ce in ƙuli ya huda leda a kan tebur, me zai faru in aka jefa jaka cikin jirgi, aka ɗora wasu a kanta? Abokina ya ce akwai leda mai kauri, wadda ake sa nama mai ƙashi. Muka sa aka kawo wadda ta fi kowace kauri. Ni kuma da na ga ta yi, sai na ce ai ba ƙuli kaɗai ba, komai ma a mayar da shi cikinta. Na farke duk abin da na riga na liƙe na sake sabon aiki. Na raba komai ƙanana-ƙanana, ci ɗaya leda ɗaya, don in ta buɗe wannan sauran su zauna lafiya. Kowace leda na yi mata layi biyu, na kuma gyare bakinta tas da almakashi don ta yi kyau. Na ɗauki ɗaya na taka ta da takalmi, na jefa ta ƙasa, na tsoma ta a bokiti. Ko gezau.

Ranar da na kai kayan Maiyama na baje su a tabarma a tsakar gida, mata suka taru suna juyawa suna salati. Na yi wa ƙanwata bayani da ƙarfi, yadda na cikin ɗaki zai ji: wannan kunu ne, wannan fura, wannan dambu. Daga bayan labule sai na ji Inna ta ce, "Ki ce mai an gani." Na koma Jega ina jin kaina kamar wanda ya gina gada.

Muka raka su Birnin Kebbi, jirgi ya tashi, muka dawo. Washegari da rana matata ta ga wata ledar dambu da ta rage, ta ce in buɗe mu ɗanɗana. Wuƙa ba ta kusa, sai na ja da hannu. Ta ƙi. Na sake ja da ƙarfi, na nemi wurin kamawa, babu, ni da kaina na gyare bakin. Na sa haƙori, ni mai haƙora cikakku, na ciza na murɗa, leda ta ce ba ta san zancen ba. Matata tana dariya, ni kuwa sai na tuna da Inna. Duk gwajin da na yi, da wuƙa ko almakashi a hannuna na yi shi. Na gwada ko ledar za ta fashe, ban taɓa gwada ko za ta buɗu ba. Inna kuwa yatsunta sun riƙe da sanyin ƙashi, haƙoranta na gaba sun daɗe da tafiya.

Na kira ƙanwata, na ce ko Inna ta tafi da wuƙa ko almakashi.

Ta ce, "Wace wuƙa, Yaya? Ai da taj ji an ce ba a shiga jirgi da abu mai kaihi, har ɗan almakashinta tah hidda tab ba ni. Ko reza ba ta ɗauka ba. Mi yaf faru?"

Garin neman gira na rasa ido, abin da ya faru ke nan. Da wata uwar ce, da ta zauna kusa da ni ranar da na baje kayan, ta ɗauki ɗaya ta ce, nuna mini yadda ake buɗewa, da a take mun gane. Amma tsakanina da ita akwai labule, kuma ni ma ban taɓa tunanin in miƙa ɗaya ta ƙarƙashinsa ba.

Za ku ce ai abu ne mai sauƙi, ta ari wuƙa mana. Ku ba ku san Inna ba. Matar da ba ta taɓa aron gishiri a maƙwabta ba, ita ce za ta bi baƙi tana neman wuƙa don ta ci abinci? Za ta mayar da ledar cikin jaka ta ce ta ƙoshi. Na san haka kamar yunwar cikina.

Na fara neman gwaggo a waya. Layinta na gida ba ya shiga, na can kuma ba ta samu ba tukuna. Kwanaki ina kira, ina aika saƙo ta hannun duk wanda na ji yana da ɗan'uwa a jirginsu. A wurin aiki a Aliero jikina ne kawai yake zaune. Sai in tashi in fita, in dawo, in sake duba waya. Na ji labarin wani dattijo a garin da zai bi jirgin ƙarshe, na sayi ɗan almakashi na same shi har gida, na roƙe shi ya sa a babbar jakarsa ya kai wa Inna. Ya karɓa da hannu biyu. Masaukinsu bai haɗu ba. Almakashin nan ya yi Hajjinsa cikakke ya dawo bai ga Inna ba.

Da ƙyar ƙanwata ta samu gwaggo. Ta isar da saƙona, cewa a nemi wuƙa a yanka bakin ledar, kuma a yi haƙuri. Amsar da ta dawo mini ita ce, "Inna tac ce ita ta san yadda ake buɗe abinta, a bar damunta." Na ce to tana ci? Ƙanwata ta ce, "Gwaggo tac ce lahiya lau."

Lafiya lau! Ranar da aka ɗauki Inna ranga-ranga zuwa asibiti ma lafiya lau ta ce. Maimakon in samu natsuwa sai abin ya ƙaru. Na kira gwaggo da kaina, sau da yawa ba ta ɗauka, in ta ɗauka hayaniya ta cika wayar, sai in ji, "Injiniya! Muna Harami, sai an jima," ƙit. Wata rana aka turo hoton matan yankinmu a wani zaure na waya. Na gano Inna a can gefe, na yi ta buɗa hoton har fuskar ta watse. Ni na ga ta rame. Matata ta ce inuwa ce. Na kai wa abokina, ya duba ya ce shi ƙiba ma ya ga ta yi, na ce masa da ma shi ne ya kawo shawarar leda mai kauri, kada ya ƙara sa mini baki. Sai da muka yi kwana biyu ba ma gaisawa sosai.

Kwanakin Mina da Arfa su suka fi tsanani. Waya ba ta shiga ko kaɗan, ana ta maganar zafin da ake yi a can. Ranar Sallah an soya nama gida ya cika da ƙamshi, ni ko taɓa shi ban yi ba. A raina ina ganin Inna zaune a tanti, jakarta cike da abincin da ta yi da hannunta, tana kallonsa ta cikin leda. Injin yana kan kanta, na sa matata ta rufe shi da zane don ba na son ganinsa.

Allah ya dawo da su lafiya. A filin jirgi ban iya matsawa kusa ba, na tsaya nesa ina leƙe. Inna ta ɗan faɗa, amma da ƙafarta take tafiya, har tana riƙe da jakar hannunta. Na ji wani nauyi ya sauka, amma tambayar tana nan. A Maiyama gida ya cika da 'yan barka, ana rabon dabino da zamzam, ba damar magana. Sai washegari da hantsi, da mutane suka ragu, na koma na zauna a tabarma a ƙofar ɗakinta na yi gaisuwa.

Ƙanwata ta fito da wani ƙunshi a ɗaure da tsohon ɗankwali ta ajiye a gabana. Na ɗauka tsarabata ce. Na kwance, sai ga ledojina. An wanke su tas, an shanya, an ninke su ɗaya bisa ɗaya, babu wadda ta rage da abinci. Na ɗaga ɗaya a rana. Bakinta ba yankan wuƙa ba ne. Wasu 'yan ƙananan huji ne a jere, kusa da kusa kamar ɗinkin hannu, daga wannan gefe zuwa wancan, ta nan aka yage ta. Na ɗaga ta biyu, haka. Duk haka suke.

Gwaggo tana gefe tana shan fura, ta ce, "Injiniya, zamna da kyau in ba ka labari. Ranar da munka sauka Madina, ɗakinmu cike da mata, kowace tah hiddo guzurinta. Uwarka tah hiddo nata, mata sunka taru suna juya shi, suna cewa wanga daga wace ƙasa anka kawo shi? Tac ce, 'Wani yaro na can gida yay yi.' Ka ji fa, wani yaro. Sunka ce to buɗe mu gani. Taj ja, ya ƙiya. Tas sa baki, ya ƙiya. Sai wata mai baki kamar nawa tak kwashe da dariya, tac ce, 'Hajiya, wanga yaro guzuri yay yi miki ko hana ki ci yay yi?' Na ga huskar uwarka ta canza. Sai tal laluba lalitarta taz zaro allurar ɗinki, tac ce, 'Mantuwa niy yi. Da allura ake buɗe shi, don kada iska shi shiga da yawa. Haka mai shi yac ce.' Taz zamna tana huda, tana huda, har tay yage shi."

Na ce, "To gwaggo, da saƙona ya zo fa?"

"Na jawo ta gehe, nic ce ga shago nan ƙasan masauki, bari in sawo wuƙa. Tac ce, 'In kin kawo wuƙa sun gane yaron na bai iya ba. Bar ni da allurata.' Haka tay yi ta yi har munka dawo. In za ta sha kunun sahe, tun an sallame Asuba take hwara huda. Ko Mina, cikin zahin nan, tana juya ma mutane baya tana abinta. Wadda tay yi dariyar ma, da nata guzuri ya ɓaci, dambun uwarka tac ci."

Ban san lokacin da idona ya cika ba. Na juya wajen labule na ce, "Inna, da kin bari an sayo wuƙar."

Sai ta ɗaga murya, ba da ni ba, da ƙanwata da ke tsaye kusa da ni: "Ki ce ma wancan na Jega ga ledoji nai nan na wanke, kada su ɓaci banza. Ki ce mai ban bar komi ba. Ki ce mai kuma rana ta yi, shi kama hanya."

Na kama hanyar. Sai da na wuce gari na faka a gindin wata bishiya, na zauna har na iya ganin titi sosai.

To mai tambaya, ga amsarka a taƙaice. Sayi mai ƙarfi, kada ka bi araha, ka busar da abin da za ka rufe, ka bar ɗanyar albasa ta zauna a rumbunta. Amma kafin ka yaba wa kanka a kan yadda ka rufe, ka tuna da hannun da zai buɗe. Ni yanzu duk ledar da na liƙe sai na ɗan tsaga gefenta da almakashi, sama da layin, yadda ko tsohuwa za ta ja ta yage. Abin da bai kai ƙiftawar ido ba, shi na kasa tunawa a wancan lokaci.

Abin da ya fi zama a raina kuwa ba na inji ba ne. Na girma ina auna son uwa da abin da ake faɗa, ina ganin ƙannena ana kiran sunansu ana yi musu faɗa, ina jin kamar ni baƙo ne a ƙofar ɗakin nan. Inna tana nan da ranta, ta ƙara tsufa, kuma har gobe ba ta canza ba, ni ma na daina jiran ta canza. Kwanan baya na ce bari in gwada da kaina. Na liƙe leda irin waccan mai kaurin, na karɓi allura a wurin matata, na zauna. Ban kai rabin bakin ba babban yatsana ya yi ja ya fara zogi, allurar tana zamewa, na ajiye na ɗauko wuƙa. Ni ke nan mai lafiyayyun yatsu, a ƙarƙashin fanka, cikina a ƙoshe. Ita kuwa haka ta yi kafin kowane ci, fiye da wata guda, don kada wasu matan da ba su ma san ni ba su yi mini dariya.